Ranar da Meshach Ya Sabunta Kwamfutar Matarsa

Duk wanda ya san Meshach a Gwagwalada ya san mutum ne da sabon abu ke ruɗawa. Ba mugu ba ne, ko kusa. Daga Kagoro ya zo Abuja yana saurayi, ya samu aikin kula da sito a wata ma'aikata a Garki, ya yi ta safa da marwa tsakanin gida da ofis har furfura ta cim masa. Ba ya sha, ba ya rigima, Lahadi ba ta wuce shi. Amma kar dai a ce an fito da sabuwar waya ko wata fitila mai caji da rana. Sai ka ga jikinsa na ɓari kamar yaro ya ga mai alewa. Abokan aikinsa Oga Yayi suke ce masa, shi kuwa har murna yake yi da sunan.

Matarsa Rosemary, wadda kowa ke kira Maman Sandra, ba haka take ba. Ita 'yar Baba Yamusa ce, wani tsohon mai ɗinkin hannu daga wajen Zariya, irin waɗanda ke zama da allura a kan babbar riga wata da watanni. Tsohon yana da nasa salon aska da tambari da babu mai irinsa. Da idonsa ya soma rauni, sai Rosemary ta sayi keken surfani na gwanjo, irin wanda ake haɗawa da kwamfuta, ta buɗe ɗan shago kusa da kasuwa. Ta ɗauko uban ya zauna a wurinsu. Yana zaune a kujera yana faɗa, ita tana zanawa a kwamfuta, layi bayan layi.

"A'a, 'yar nan, wannan lanƙwasar ta yi kaifi. Sassauta mata."

Haka suka yi ta yi shekaru, har Allah ya ɗauki ransa. Rigunan da ya ɗinka da hannu sun watse a jikin masu su, wa ya san inda suke? Abin da ya rage na Baba Yamusa a duniya yana cikin wata tsohuwar kwamfuta baƙa mai tsagaggen murfi. Saboda waɗannan zanen ne manyan ma'aikata ke baro cikin gari su biyo dogon titin nan har shagonta. Kwamfutar kuwa ta gida ce, ba a ɓoye ta. In Meshach ya taso aiki yakan zauna a kanta ya duba labarin ƙwallo kafin a rufe shago.

To, sai aka sa musu sabon tsarin kwamfuta a ofis. Wayyo! Meshach ya ga allo ya yi shar da shuɗi, komai na sulɓi. Tun daga ranar ya raina ta matarsa.

"Maman Sandra, wannan tsarin naki ai an daina yayinsa. Masu shi ma sun ce sun cire hannu. Ki bari in kai a sa miki sabo."

"Baban Sandra, tana yi mini aiki. Ka bar ta."

Ya sake magana, ta sake cewa ya bar ta. Shi a ransa gani yake tsoro ne kawai irin na wanda bai waye ba, in ta ga abin da idonta za ta gode masa. Kuma gaskiya don ya faranta mata yake so, ba don komai ba. Ya ga yadda take jiran kwamfutar ta buɗe da safe, har ta share shago ta gama abin bai farka ba.

Wata Asabar ta tafi Kwali taron zumuntar mata, ta bar masa makullin shago. Ko minti goma bai yi yana shawara ba. Ya saɓi kwamfuta sai shagon Fu'ad, wani magidanci mai gyara a bayan tasha.

Fu'ad ya juya ta, ya girgiza kai. "Oga, wannan ta tsufa wa sabon tsarin. Ana iya tura mata shi da ƙarfi, amma sai an yi fomat, an share komai. Akwai abin da za a kwashe?"

Meshach ya leƙa. Ya ga hotunan bikin Sandra, ya ce a kwashe a filash. Ya ga waƙoƙin coci, ya ce a kwashe. Sai ga wasu tarin fayil marasa hoto, masu sunaye barkatai, ba ka gane kansu balle gindinsu.

"Waɗannan fa?"

"Tarkace ne. Su ne ma suke sa ta nauyi."

"Oga, ba kayan aikin Madam ba ne? A kira ta mana."

"Haba, ai zanen yana cikin keken ɗinkin. Kai dai yi aikinka, so nake ta dawo ta ga mamaki."

Da gaske haka ya ɗauka. Shekaru yana shiga shagon nan, yana ganin allura na hawa da sauka, bai taɓa tambayar daga ina keken ke samun abin da yake ɗinkawa ba. Ga waya a aljihunsa, sabuwa fil, kira ɗaya ya isa. Bai kira ba.

Ranar Litinin ya ƙi fita aiki da wuri, ya raka ta shago yana ta murmushi. Ta danna maɓalli. Allo ya kawo shuɗi, ya gaishe ta da Turanci, ya ce ta dakata yana shirya mata abubuwa. Ta dakata. Ya nemi adireshin imel, ita da ba ta da shi. Ya nemi a haɗa shi da intanet. Meshach ya kunna datar wayarsa, abin ya zuƙe ta tas, sannan ya ce kada a kashe, yana sabunta kansa. Sabon abu kuma yana sabunta kansa! Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin kuwa dama ya daɗe da mutuwa. Aka tada janareto aka koma farko.

Da abin ya ga dama ya buɗe, Rosemary ta kai hannu kusurwar hagu ta ƙasa, inda ta saba dannawa ko ido a rufe. Babu komai a wurin, an kwashe an mayar tsakiya. Ta nemi manhajar da take zane da ita, babu. Ta soka wayar keken, kwamfutar ta ce ba ta san wannan na'urar ba.

"Baban Sandra, ina zanen Baba?"

"Suna cikin keken mana."

Ta dube shi. Bai taɓa ganin irin wannan kallon a fuskarta ba.

"Keken ba ya riƙe komai," ta ce a hankali. "Abin da na aika masa yake ɗinkawa, in an kashe ya manta."

Ya kwashi kwamfutar a guje sai shagon Fu'ad, har yana tuntuɓe, ita tana biye. Fu'ad ya kwana biyu yana haƙilo, ya kai wa wani gwani a cikin gari, aka tono abin da za a iya tonowa. Fayil kaɗan suka fito, su ma a karye. Aka gwada ɗaya, keken ya ɗinka rabin aska ya tsaya yana ƙugi. Garin neman gira an rasa ido.

Da ta yi masa faɗa, da ya ji sauƙi. Da ta fasa kwano, ta kira 'yan'uwanta, ta kai ƙararsa wurin fasto, da duk ya ɗauka da hannu biyu. Ba ta yi ko ɗaya ba. Tana dafa masa abinci, tana amsa gaisuwarsa. Sau ɗaya kawai ya tarar da ita a shago da fensir da takarda, tana ƙoƙarin fito da tambarin uban daga kanta. Ta zana, ta goge, ta zana, har takardar ta huje. Lanƙwasar ta ƙi zuwa, kuma babu mai ce mata ta sassauta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta. Ya ba ta haƙuri ya fi a ƙirga, kullum amsar ɗaya ce: "Ya wuce."

Wani darakta da ya saba kawo shadda ya zo, ta gaya masa babu wancan zanen yanzu. Ya yi jaje, ya naɗe shaddarsa ya mayar mota. Bayansa wasu ma suka ɗauke ƙafa.

Kirsimeti na matsowa, dole a yi aiki. Fu'ad ya zo shagon ya sa mata wata manhaja da ta yarda da sabon tsarin, ya lallaɓa har keken ya amsa, ya zuba mata zanen kasuwa, irin wanda kowane shago daga nan har Wuse ke bugawa. Meshach na tsaye a gefe riƙe da fitila yana haska musu bayan tebur, ko zai yi wani amfani.

"Madam, saura lambar sirri," in ji Fu'ad. "Sabon tsarin ba ya buɗewa sai da ita. Ki sa wadda za ki tuna."

Ta jawo kwamfutar gabanta, ta ɗan karkatar da allon, ta danna. Fu'ad ya kau da kai, kamar yadda ya saba yi wa kowa.

"To, in buɗe wa Oga nasa gefen? Mutum biyu na iya amfani da ita."

Rosemary ba ta ɗago ba. Ta ɗauki almakashi tana datse zaren da ya saura a wata riga.

"A'a," ta ce. "Bar shi haka."

Meshach ya kashe fitilar ya ajiye a kan tebur. Ya fita ya zauna a bencin waje, yana jin keken ya soma ɗinka zanen da bai san mai shi ba.