Lofen Baba a Cikin Goggorona

Ni dai ba mai yawo ba ce. Tun da aka kawo ni Unguwar Dosa, in ka cire asibiti da gidan suna da gidan gaisuwa, iyakata bakin zaure. To ranar da aka ce ni zan shiga jirgin sama in raka surukina Ikko, sakin muciya na yi a cikin tuwo, na zauna dirshan ina dariya har gindin tukunya ya kama.

Yanar ido ce ta rufe wa surukin nawa, Baba, idanu biyu, sai da lalube yake tafiya. Ƙanen maigidana da ke aiki a Ikko ya samo likita, aka sa ranar aikin idon, ya aiko da tikiti biyu. Maigidana a masaƙa yake, an hana shi hutu. Surukata ta daɗe da rasuwa. Saura ni. Har na fara gwada yadda zan ɗaga wa mutane hannu daga matakalar jirgi, sai Baba ya ce shi ba inda za shi.

Yau ya ce ƙafa, gobe ya ce wa zai ja sallah a masallacin layinmu, jibi ya ce ya yi mafarki. Maigidana ya yi lallashi har ya gaji. An kuma gaya mana in ranar nan ta wuce, likitan zai bar ƙasar, sai wata shekara in da rabo.

Ban yi boko mai nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina tankaɗe a gindin katanga ranar da wani abokin Baba yake ba shi labarin filin jirgi a zaure. Ya ce yanzu an tsananta bincike, duk abin da ke aljihunka sai ka zazzage shi a faranti, a gaban kowa. Na kasa kunne in ji ta bakin Baba. Can ya tambaya a hankali, “Har aljihun ciki?” Aka ce har shi. Daga yammacin nan ƙafa ta fara ciwo.

Baba yana shan lofe. Shekarar da aka ba shi limanci ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya bar taba har abada, kuma ya bari, mako uku cur. Bayan nan kullum in an yi la'asar sai ya ce bari ya duba kaji. Ya zagaya bayan akurki, inda akwai wani rami a jikin katanga da aka toshe da rabin bulo, ma'ajin lofen. Duk gidan mun sani, ba wanda ya taɓa nuna ya sani. Ni ce mai kwashe shanya daga wannan gefen kafin la'asar, ni ce mai janye yara. Kwana goma a Ikko ba lofe, Baba ba zai iya ba. A zazzage shi a faranti a gaban masu bin sa sallah, ya gwammace makanta.

To ta yaya matar ɗa za ta tari surukinta da wannan zance? Ni da ko sunansa ba na faɗa, ko wani mai sunan na gani sai in ce mai sunan Baba. Sai na jira yana kishingiɗe a kan tabarma gindin mangwaro, na ɗebo tsaba na shiga watsa wa kaji, ina yi musu magana da ƙarfi. Na ce su kwantar da hankalinsu, duk abin da ke bayan akurkinsu da ni za shi Ikko, kuma ba idon da zai gan shi. Baba ya yi gyaran murya. Da aka jima ya ce a kai farar babbar rigarsa wajen mai guga.

Maƙwabciyarmu, mutuniyar kudancin Kaduna mai buga tafireta a ofis, ta taɓa shiga jirgi sau biyu. Ita ta ara mini jakar hannu, ta kuma ce in sani za a buɗe ta har ƙasa. Sai na yi lissafina: jaka za a buɗe, aljihu za a zazzage, amma wa zai taɓa kan matar aure? Da safe na ciro kayan daga ramin. Lofen baƙar tukunya gare shi ta yumɓu, da bututun tagulla mai tsawo. Ga battar taba ta ƙarfe, ga tsinken sakace tukunya, ga ashana. Na naɗe su a hankici, na ɗora a tsakiyar kai, na murɗa goggoro a kansu. Maƙwabciyata ta gan ni ta ce yau kam na yi hasumiya, in sunkuya in zan shiga mota.

Bas biyu aka cika don rakiya. Dattawan masallaci, matan layi, har mai shayin bakin titi ya rufe teburinsa ya biyo mu. Muka wuce Mando muka yi ta tafiya cikin daji, ni kuwa ko an faɗa rami ba na yarda wuyana ya motsa. Wata ta ce tun ban hau jirgi ba na fara ɗaga kai. Dariya ta cika mini ciki, ba halin in sake ta.

A filin jirgi 'yan rakiya suka jeru a bayan wani dogon gilashi, suna hango mu tar. Aka zo kan Baba, ya zazzage aljihunsa a faranti da ƙarfin hali: carbi, goro biyu, asuwaki. Ya wuce ta wata ƙofa da ba ta da gambu ba ta da bango, shiru. Ni kuma na taho ina taku ɗai-ɗai, na sa kai. Ƙofar nan ta ƙwala ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Na cire awarwaro, ta yi ƙara. Na cire 'yan kunne, ta yi ƙara. Wata ma'aikaciya ta zo da baƙar sanda tana bin jikina da ita tun daga ƙafa, sandar ba ta ce komai ba sai da ta kai goggoro. Nan ta kama kuka ba tsayawa. Ba wanda ya gaya mini akwai ƙarfen da ke jin warin ɗan'uwansa.

Ma'aikaciyar ta yi mini mutunci, ta ja ni bayan labule kafin in kwance. Amma da ta ga bututun tagulla ya leƙo daga hankici, sai ta ja da baya, ta ce kada in motsa. Ba ta taɓa ganin lofe ba, ta ɗauka bakin bindiga ne. Ta jera kayan a faranti, ta fita da su a ɗage zuwa wajen shugabansu, a gaban gilashin nan, a gaban bas biyu na mutanen layinmu. Na ɗaura kallabi a gurguje na biyo ta.

Shugaban wani dattijo ne Basakkwace mai furfura a gemu. Yana ɗaga lofen ya gane shi, har ya kai hanci ya sansana tukunyar. Ya dubi Baba da ke tsaye da sandarsa, ya dube ni. Baba ba ya gani, amma ya ji ƙarar batta a faranti. Na ga ya juya fuska wajen ƙofar fita, ya fara laluben hanya da sanda. Na san in ya taka ƙofar nan, shi da Ikko sai a mafarki.

“Wanga abu na wa na?” in ji shugaban.

“Nawa ne, ranka ya daɗe.”

“Ke ka sha nai?”

“Shekara goma sha ke nan. Kullum bayan la'asar.”

Sandar Baba ta tsaya. Shugaban ya danne gemunsa da hannu, ya ce to in nawa ne in faɗa masa wace taba nake ɗura masa. Na ce ta wani tsoho ce a Abakwa, mai kauri, ba a cika tukunya da ita, sai a bar mata wurin numfashi, a danna da babban yatsa, ashana ta farko ba ta kamawa sai ta biyu. Duk ta katanga na koya. Ya tambaya ko maigidana ya sani. Na nuna masa shi ta gilashi, ga shi can ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Na ce yanzu dai ya sani.

Nan dariyar da nake riƙewa tun daga Unguwar Dosa ta ƙwace mini. Na dafa teburi ina yi har da hawaye, ma'aikaciyar ta kama, shugaban ya juya baya yana tari. Ya riƙe tsinken da ashanar, ya ce waɗannan ba sa hawa jirgi. Lofe da batta kuwa ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in sa a jaka kamar kowa, kai ba ma'aji ba ne. Sannan ya rage murya ya ce Allah ya ba Malam lafiya, ya yi dacen suruka. Matan layinmu kuwa har yau akwai masu matsawa in na zauna kusa da su a gidan biki, akwai kuma wata tsohuwa da ta riƙa aiko mini da taba a ɓoye.

Na kama bakin sandar Baba muka hau matakala, na manta sam da ɗaga hannun da na yi kwanaki ina gwadawa. Aka ɗaure mu da ɗamara a kujera. Jirgi ya zabura, Baba yana jan carbi, ni ina salati ina leƙen taga, gonaki suna komawa kamar faci a jikin zane. Can aka kawo shayi. Ya kurɓa, ya fuskanci bayan kujerar da ke gabansa, kamar da ita yake magana.

“Taba ba ta yi wa mace kyau ba, 'yar nan. In mun sauka ki kawo in ajiye miki.”

Na ce to, Baba.