Makullin da ke Wuyan Baba

Mahaifinmu mai gyaran fanka ne, amma ba wanda ya san shi da wannan. Baban Tattabaru ake ce masa, kuma ko mu ba mu taɓa musun sunan ba, don mun san tattabarun ne 'ya'yan, mu zaman haya kawai muke yi a gidan. Shagonsa yana ƙasa, cike da fankoki marasa kai da tsinkakkun wayoyi. A saman bene kuma ya gina wa tsuntsayen ɗaki na katako da raga, wanda ya fi namu iska da tsafta. Su sittin da biyu ne, kowacce da sunanta. Ni kuwa har na yi aure na haihu, "ke" yake ce mini.

Da tari ya kama Mama, likita ya ce ƙurar gashin tsuntsaye ce, a raba ta da su. Baba ya ce ya ji. Washegari ya mayar da gadonta ɗakin baya, kusa da banɗaki. A wurinsa an raba su ke nan. Shekara shida ta yi tana tari a can kafin Allah ya hutar da ita.

Yana da dabara ɗaya da yake alfahari da ita. In ya sayo sabuwar tattabara, ba ya ɗaure ta. Sai ya danne ta tsakanin gwiwoyinsa ya fige dogayen gashin fikafikanta ɗaya bayan ɗaya, tana fisge-fisge, shi kuma yana fito. Kafin gashin ya sake tofowa, sati shida, ta manta gidan da ta fito. "Ba mugunta ba ce," in ji shi. "Hana ta tafiya kawai za ka yi, mantuwa za ta zo da kanta." Ya gwada wannan a kan yayana ma. Yaya yana ɗan shekara sha biyu ya gudu gidan kakarmu saboda duka. Baba ya je ya dawo da shi, ya kwashe takalmansa da wandunansa ya kulle a akwatin shago. Sati shida yaron nan yana yawo a tsakar gida da zanen Mama a ƙugu. Bai sake gudu ba, kuma bai sake dariya a gaban Baba ba.

Kullum da yamma Baba yana hawa sama ya ƙirga su, ya sa kwaɗo saboda kyanwa, ya rataya makullin a wuya da igiyar takalmi. Yana da shekara saba'in da takwas, wata yamma bayan ya kulle, ƙafarsa ta zame a matakala. Ba karaya, sai targaɗe da jiri. Yaya, wanda yanzu direban motar kamfani ne mai furfura, ya ɗauke shi daga asibiti kai tsaye zuwa gidansa, hawa na uku. Ni ma na tare can don jinya. Muka rufe tsohon gidan. Muka bai wa maƙwabcinmu mai wanki da guga buhun hatsi, muka ce ya riƙa ba tsuntsayen.

Gari na wayewa Baba ya lalubo sandarsa.

"Ina zuwa?" in ji Yaya.

"Ban buɗe musu ba."

"An buɗe. Mai wanki yana kula da su."

"Da me ya buɗe? Ga makullin nan a wuyana."

"An fasa kwaɗon. Koma ka kwanta."

Ba wai Yaya ya san an fasa ba ne. Ya faɗa ne kawai don a rufe maganar. Da rana matarsa ta tsinci tsohon a hawa na biyu, yana bin bango yana sauka a zaune. Da Yaya ya dawo daga aiki ya ji, bai yi faɗa ba. Ya tsaya yana kallon Baba, wani murmushi yana fito masa a hankali, sannan ya juyo gare ni.

"Sati shida," ya ce.

Shi ya ɗauke takalman Baba da tabarau ɗinsa. Sandar kuwa ni na ɗauke ta, da hannuna na tura ta bayan firji. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Na tuna Mama a ɗakin baya, na ji wani sanyi ya ratsa ni har ƙafa.

Kwana huɗu Baba ya yi yana haukata gidan. Ya buga ƙofa da kujera. Ya zage mu, ya zagi uwar da ta haife mu. A rana ta uku ya yi abin da ban taɓa gani ba: ya kama gefen zanena yana roƙo. "Ke, don Allah. Ungo makullin, je ki da kanki. Ruwa kawai." Na ce masa hannuna da aiki. Don ya ƙyale mu, Yaya ya kira mai wanki a waya ya buɗe murya kowa ya ji.

"Wallahi suna nan lafiya," in ji mai wanki. "Kullum ina watsa musu ta kan katanga. Ga su nan ma suna ci, sun cika tsakar gidan."

"Tambaye shi Mai Zobe," in ji Baba. "Fara, mai jan zobe a ƙafar hagu. Tana kan ƙwai."

"Duk suna nan, Baba, har da ita."

A safiya ta biyar ya yi shiru. Ya sha shayinsa, ya zauna gaban talabijin da ba ya iya gani. Yaya har da tafi. "Kin gani? Shi sati shida yake ɗauka. Ni kwana huɗu." Duk da haka sai da ya cika satin shida cif kafin ya ce in fito da sandar. Muka jingina ta kusa da Baba, muka bar ƙofa a buɗe. Ko kallonta bai yi ba.

A ranar na je tsohon gidan ɗauko masa kaya. Tsakar gida cike take da tattabaru, ƙosassu, masu launin toka, suna ta cin hatsi. Na tsaya ina kallonsu. Duk ƙiyayyar da na yi wa tsuntsayen Baba, a cikinsu na girma, na san fuskokinsu. Waɗannan na kan titi ne. Mai wanki bai yi ƙarya ba, a wurinsa tattabara tattabara ce.

Tun daga tsakiyar matakala warin ya tare ni. Kwaɗon yana nan yadda Baba ya bar shi. Ta cikin raga na gan su, sun taru a bakin ƙofa, wasu a kan wasu, wasu kuma a cikin busasshen kaskon ruwa. Mai Zobe kaɗai ce ba ta cikin tarin. Tana kwance a kan ƙwanta.

Na dawo na tarar da Baba inda na bar shi. Na tsuguna a gabansa. Ya miƙa hannu ya lalubi kafaɗata, ya cire wani ɗan gashi da ya maƙale a mayafina. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci.

"Kin hau," ya ce.

"Baba, mai wanki ne bai..."

"Ba sa wuce kwana huɗu ba ruwa a wannan zafin. Na ƙirga."

Ya sunkuyar da kai ya zare igiyar daga wuyansa, ya ajiye mini makullin a cinya. Daga kicin ina jin Yaya yana ba wani abokinsa labari a waya, yana dariya, wai tsoho ya zauna, ko ƙofa ba ya nema.