Sautin da Malam Sahabi bai ji ba

Da safen nan ina shirin fita aiki matarsa ta kira ni daga Argungu: Malam Sahabi ya rasu. Har yanzu gyalena na hannu.

Shekara da shekaru ofis ɗaya muke zaune a sashenmu na lantarki. Shi ya koya mini aikin da nake taƙama da shi. Zai ƙirƙiri sigina a kwamfuta, sauti mai farawa da kauri yana siririncewa, sannan ya yanka shi gutsi-gutsi ya auna firikwensin kowane gutsure, wato sau nawa yake kaɗawa a daƙiƙa. Sai layi ya fito a allo yana hawa. Yakan ce, "Hajiya Kulu, fara da abin da kin san amsa tai, kahin ki yarda da na'ura."

In ya dawo daga gida, da albasata a ƙulle a bayan babur.

Da kunnensa ya fara nauyi, siririn sauti ya fara ɓace masa. Wasu abokan aikinmu, masu digiri da furfura, suka kwafi siginarsa a waya. Suna shigowa ofis sai su kunna daga can wurin siririn sautin, inda ba ya ji. Mu kunne na tsuwa, shi yana duba takardun ɗalibai. Su yi ta ƙyafta wa juna ido, har da mai riƙe ciki.

Na yi faɗa sau ɗaya, aka ce ban san wasa ba, na yi shiru. Wannan laifin nawa ne, zan amsa shi.

Ganinmu na ƙarshe na je duba shi a unguwar Badariya, kafin a mayar da shi gida. Ya buɗe laftof ya nuna mini hotunan layuka birjik. Ashe makirufon kwamfutarsa a buɗe yake kullum a ofis, duk ranar da suka kunna layin na hawa a gabansa.

"Kunne yam mutu, Hajiya, ido na nan. Mi za ni ce musu? Ɗiyansu nika karantarwa."

Ya tura mini, ya sa na yi alkawarin ba zan nuna wa kowa ba. Ba zan nuna ba.

Amma ku masu kunna wayar nan, tun ɗazu nake ganin rubutunku na ta'aziyya: "mun yi rashin uba." Kai da ka fi kowa dariya, naka ya fi kowane tsawo, har da hoton hawaye. Ku sani ya gan ku, kowace rana, kuma ya ci gaba da amsa gaisuwarku. Ni ba zan amsa ba. Wanda ya taɓa danna wayar nan ya rubuto amin a ƙasa, zan goge.

Allah Ya jiƙan Malam Sahabi, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba matarsa Hajiya Asma'u da yara haƙuri. Sauran jama'a, don Allah ku saka shi a addu'a.