Mai Tattabaru da Ƙaninsa

Gyaran agogo ne sana'arsa, amma a layin nan ba mai kiransa da ita. Mai Tattabaru ake ce masa. Shi da ƙaninsa direba suka gaji gidan mahaifinsu. Shi yana ɗakin sama, kejin tattabarunsa a kan rufi. Ƙanin yana ƙasa da iyalinsa, kullum cikin mitar kashin tsuntsaye a gilashin motarsa, yana kuma matsa wa yayan su sayar da gidan kowa ya kama gabansa.

Wata safiya ya hau rufi ya tarar da rabin tattabarun a kwance, ƙafafu a sandare. Sauran suna ta tangaɗi. Ya ɗauki wata fara mai sauran numfashi, ya cusa a riga, sai wajen likitar dabbobi.

Likitar ta haska idon tattabarar, ta kashe fitila, ta sake haskawa.

"Baba, matso ka gani. Baƙin idon ya tsuke kamar tsinin allura, ko a duhu ya ƙi buɗewa."

"Ta makance ke nan?"

"A'a. A bayan idon tsuntsu akwai wani ɗan ƙullin jijiyoyi. Ta nan umarni ke bi ya ce wa idon tsuke. A ƙa'ida saƙon na zuwa ne ya wuce, amma guba ta sa ya ƙi yankewa. Irin maganin feshin ƙwari ne. Wa ke taɓa ruwansu?"

Nan take ya tuna. Jiya da yamma ƙaninsa ya hau rufin, wai gyaran eriya, ya sauko yana ta wanke hannu. Kafin Mai Tattabaru ya isa gida farar ta mutu a ƙirjinsa.

Ya tarar da ƙanin yana goge mota.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji shi, ya haye sama.

Bai kai ƙara ba, bai ɗaga murya ba. Tattabaru ya sayo, ninkin na da, ya matso da kejin daidai saman inda ake ajiye motar. Da ƙanin ya kawo mai sayen gida, ya tarbe shi da fara'a, ya ba shi kujera, sannan ya ce rabonsa ba na sayarwa ba ne. Haka ya yi wa na biyu, haka na uku. Matar ƙanin ta hau sama ta durƙusa, ya ce ta tashi, ita ba ta yi masa komai ba.

Ran da ƙanin ya gaji, ya tsaya a tsakar gida yana ihu.

"Yaya, tsuntsaye ne fa! Na yi, to sai me?"

Mai Tattabaru ya leƙo ta taga, gilashin gyaran agogo a idonsa.

"Sai abin da kake gani."

Daga baya direban ya kwashe iyalinsa ya koma gidan haya. Ɗakunan ƙasa suka zauna a kulle, duk ɗan hayar da aka kawo ba ya jimawa.

Sai da furfura ta rufe su duka biyu ƙanin ya zo da tattabaru biyu a kwali, ya yi sallama a bakin ƙofa. Yayan ya sauko a hankali, yana dafa bango. Ya karɓi kwalin, ya ce masu kyau ne, ya hau da su sama ya zuba musu tsaba. Ƙanin ya daɗe a tsaye yana jiran a ce ya shigo.