Faifai Biyu, Yabo Ɗaya

Ko zan manta komai na aikina a ɗakin gwajin jini da ke Fagge, ban da ranar da faifan kwamfutarmu ya mutu.

Duk sakamakon marasa lafiya a faifai ɗaya muke ajiye shi. Na sha gaya wa Alhaji, mai wurin, a sayo na biyu, a haɗa su yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya zai shiga ɗayan nan take. Kullum amsarsa: "To Malam, za a duba." Har na gaji.

Sai ga ɗan ƙanwarsa ya gama jami'a, ya zo aiki. Ni da bakina na ba shi labarin a wurin shan shayi. Washegari ya maimaita wa Alhaji, da Turanci. Kafin la'asar an aike ni Sabon Gari sayo faifan! Ni na sayo, ni na haɗa, amma sunan abin ya zama "dabarar yaron nan". Wallahi ƙyashi ya ci ni, ko sallamarsa da ƙyar nake amsawa.

Ran nan da hantsi kwamfutar ta fara ƙas-ƙas, tsohon faifan ya tafi. Ga wata baiwar Allah a zaune da 'yarta mai sikila. Gobe za su ga babban likita a Abuja, kuma ya ce lallai su zo da sakamakon yarinyar tun daga farko. Nata takardun ruwan sama ya lalata su.

"Ɗana, kar ka ce min babu," in ji ta.

Na duba faifai na biyu. Komai na nan, na buga mata sababbin takardu. Alhaji ya dafa kafaɗar ɗan ƙanwarsa yana ta sa masa albarka, shi kuwa gogan sai murmushi yake. Na ji kamar in ajiye aikin in fita.

Matar ta karɓi takardun ta rungume. Ba ta kalli kowa ba, ta ɗaga hannu: "Duk wanda ya yi wannan tunani, Allah ya raba shi da ganin ciwon ɗansa."

Amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi, har Alhaji ya waiwayo.

Har gobe yabon nan yana min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ranar na gane cewa yabo yana iya ɓatan hanya, addu'a kuwa ta san gidan da za ta.