Akuyar da Ta Lashe Taimin

Cikina na fari ya shiga watansa lokacin da maigidana ya ga dama ya zama bakanike. Malamin gona ne shi, a Funtua muke zaune tare da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. A farkon shekarun tamanin ne, bayan kakar auduga, ya sayi wata tsohuwar mota mai ruwan ƙasa. Ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya tashi ya kore shi.

Ni kuwa abu ɗaya ne a raina: in tafi gida goyon ciki. Babata tana Dayi, ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, kuma wallahi tsoron haihuwa nake yi, ba na so ta same ni ba a gaban Babata ba. An riga an makara, don aikin auduga ya riƙe Malam. Inna ta ce ba mai cusa ni a bas tsakanin buhunan masara da wannan tulelen ciki, sai dai motar gida.

Ana shirin tafiya sai Malam ya leƙa inji ya ga bel ɗin taimin ya tsattsage. Bel ne mai haƙora da ke sa saman inji da ƙasansa su juya tare, in ya tsinke a hanya an zauna ke nan. Ya sayo sabo a wajen wani ɗan kudu mai kayan mota, wanda ya ja masa kunne ya sa alama kafin ya cire tsohon.

Na ce, "Malam, ka kai ta gareji mana."

Ya ce, "Gareji? Su riƙe ta har ɗan ya fara rarrafe? Mutumin da ke kwance injin feshi ya mayar, bel ne zai gagare shi?"

Aka nemi alli a gidan nan aka rasa. Sai ya kwance ƙullin kanwar da Inna ta tanadar mini don kunun jego, ya gutsura, ya jiƙa, ya ɗiga fari a kan faifan ƙarfen da bel ke hawa, ya ɗiga wani a jikin injin daidai da shi. Yana cire tsohon bel aka kira azahar. Ya bar bonet a buɗe ya tafi masallaci. Da ya dawo ya ɗan murza faifan don alamun su haɗu, ya ɗora sabon, ya rufe, ya share hannu yana kallona ta gefen ido, wai in yaba.

Ya murza makulli. Innalillahi! Motar ta kama makyarkyata kamar mai zazzaɓin damina, tana tari, tana tusa ta salansa, har kajin maƙwabta suka watse. Ya taka totur, ta yi gurnani ta mutu.

Inna ta fito daga ɗaki. Ta ɗebo ruwa a kwanon sha, ta ɗora a kan rufin motar, ta ce ya sake tayarwa. Kafin ya ɗaga ƙafa rabin ruwan ya zube, kwanon ya yi ta tafiya da kansa har ya faɗo ƙasa.

Ta ce, "To, ka gani. Ranar da kwanon nan ya zauna da ruwansa, ranar yarinyar nan za ta shiga. Ba a bakin titin Bakori za a girgiɗo mini jika ba."

Daga nan Malam ya shiga bin injin gaɓa-gaɓa. Ya ciro fulogai ya kankare su. Ya kwance kafireto ya wanke da fetur, ya sa baki ya hura har ya ƙware. Ya ce ƙila ya sauya wa wayoyin fulogi wuri, ya juya su, motar ta ƙi tashi gaba ɗaya, ya mayar. Ya zargi mai sayar da fetur, ya zargi ɗan kudu, ya zargi wanda ya sayar masa da motar da kakanninsa. Na ce, "To ba bel ɗin ba ne? Kafin ka taɓa shi ai lafiyarta lau." Ya ce bel kam a kan alama yake, da idonsa ya gani. Duk gyaran da ya yi sai Inna ta kawo kwanonta, duk ta kawo sai ya zube.

Washegari na tashi da wani ciwon baya da ban taɓa ji ba. Ban gaya wa kowa ba, don na san in Inna ta ji an fasa tafiya ke nan. Na zauna a kan turmi ina cizon leɓe, hawaye na neman zubo mini. Haushin Malam nake ji har wuya, amma da na gan shi tsugune, baƙin mai har gira, ko karyawa bai yi ba, sai kuma ya ba ni tausayi.

Da dai dabara ta ƙare, ya sake buɗe murfin bel ɗin don ya nuna mini ba laifinsa. Ya shiga ɗaki ɗauko sifana. Sai ga akuyata, jar nan da Babata ta ba ni da na yi aure, ta taho ba ko waige. Ta ɗora ƙafafun gaba a kan bamba, ta zura kai cikin inji, ta nufi faifan nan kai tsaye tana lasa, kamar wadda ta bar ajiya.

Na ce, "Malam! Zo ka ga yaron shagonka!"

Ya fito ya tsaya baki buɗe. Akuya da kanwa! Ashe jiya yana masallaci ta lashe ɗigon, harshenta ya jawo farin gefe, shi kuma ya zo ya daidaita inji da sawun harshen akuya. Dariya ta kama ni har ciwon ya murɗa, na riƙe turmi.

Ya sassauta bel, ya matsar da faifan haƙori ɗaya. Abin ya ƙara lalacewa. Ya koma da shi ɗaya gefen, ya ɗaure, ya yi bisimilla. Motar ta tashi sumul. Inna ta cika kwanon har baki, da gangan, ta ɗora. Muka zuba masa ido, mu uku da akuya. Ko ɗigo bai zuba ba.

Mun wuce Malumfashi ciwon ya fito fili, na daina ɓoyewa. Malam na tuƙi yana salati, Inna na riƙe da ni tana yi masa faɗa, in ya yi gudu laifi, in ya rage laifi. Muka tarar da Babata a ƙofar gida tana dogara sanda, tun jiya take fitowa duba hanya. Kafin la'asar na sauka, a hannunta, bakinta a kunnena tana cewa, "Ga ni nan, ga ni nan."

Ita ce kaɗai haihuwata da ta karɓa. Kafin ta biyu ta riga mu gidan gaskiya.

A ranar da na haihun, da Babata ta kwance ƙullin kanwar za ta dama mini kunu, ta juya shi ta ce, "Wa ya gutsure wannan?" Inna ta ce ta dama kawai, abin da aka gutsure ɗin ne ya kawo mu.