Baba Hambali, Mai Auna Mutum Kafin Babur

Duk wanda ya saba bin hanyar Kabo daga Gwarzo da safe ya san rumfar nan ta kwano da ke gindin darbejiya, daf da fita gari. Baba Hambali kan iso bayan ya karya kumallo, kuma a ƙafa, don shi da yake gyaran babura bai cika hawa ba sai da dalili. Zai share wurin da kansa, ya yayyafa ruwa, ya jera sifanoni a kan buhu, manya a dama, ƙanana a hagu. Sai ya rataye wata igiya mai ƙulle-ƙulle a ƙusa, ya zauna kan benci, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa yana amsa gaisuwar masu wucewa. Haka yake yau shekara talatin da wani abu. A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Ido ya fara gajiya, zai koma gonarsa ta Unguwar Tudu. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani a kansa tun yana ji da kunnensa.

Gyara dai akwai masu yi da yawa. Abin da aka san Baba Hambali da shi daban ne. In mutum zai sayi babur, wurinsa yake fara zuwa. Da igiyar nan zai auna shi daga ƙugu zuwa diddige, ya duba tsawon hannunsa, ya tambaye shi hanyar da zai riƙa bi, da kayan da zai riƙa ɗauka. Yakan ce mutum ya zo da rigar da yake sawa kullum, ba ta sallah ba. In ka hau babur tafin ƙafarka bai kwanta a ƙasa duka biyun ba, sai ya ce, "Sauko, wannan na wani ne."

Malam Gamaliel, wanda ke koyarwa a firamare ta Lakwaya, shi ya ba ni labarin nasa da bakinsa. Mutum ne gajere, ya je birni ya sayo dogon babur bai yi shawara da kowa ba. Sati guda ya faɗi sau uku, kuma duk a tsaye, ba a guje ba. Da ya turo shi rumfa, Baba ya dube shi ya dubi babur ɗin, ya ce, "Malam, kai ka sayo shi ko shi ya sayo ka?"

Malam Gamaliel ya ce, "Baba, a shagon ya yi mini daidai."

"A shagon ai kan sitan yake, a kafe kan ƙafarsa ta ƙarfe. Ka taɓa ganin ya kai ka Lakwaya a kan sitan?"

Ya ɓare kujerar, ya rage soson da wuƙa yana yi yana sa shi ya hau, ya sassauto kan babur ɗin zuwa ƙirjinsa. Yau shekara shida ke nan, Malam bai ƙara faɗuwa ba, sai dai ranar da akuya ta gitta masa.

Ni nawa labarin na Innarmu ne. Muna Getso. Tana fama da hawan jini, ga gwiwar hagu da ba ta lanƙwasuwa sosai, likita kuma ya ce duk sati biyu a kai ta asibiti a Gwarzo. A da wani ɗan acaɓa ne ke kai ta. Da Shari'a ta zo, aka fara jan hankali kan mata su daina hawa bayan wanda ba muharraminsu ba, ita da kanta ta ce ta daina. Mota kuwa, tun da mai ya yi tsada ba ta tashi sai ta cika maƙil, gwiwar Inna ba ta jure wannan matsin. Sau biyu a jere ranar asibiti ta wuce tana gida. A na biyun jiri ya kayar da ita a bakin murhu. Ni kaɗai ne namiji a gidan. Da kaka ta yi na sayar da waken da na noma gaba ɗaya don in sayi babur, na san kuma in na saya ba daidai ba, babu wani waken sai baɗi.

Gaskiya zuciyata na kan wani ja mai tsayi, irin na abokina Jalo. Na je wurin Baba don dai a ce na je. Muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da amfanin gona, ya auna ni, ya ce tsawona ya isa kowane iri. Har na fara murna sai ya ce, "Dalhatu, wa za ka riƙa goyawa?"

Na ce, "Innarmu ce, Baba."

"To ai ba kai ne mai babur ɗin ba. Kai direba ne. Je ka kawo mai shi."

Ashe haka yake yi tun da mata suka koma hawa bayan mazansu da 'ya'yansu. Ba ya yarda dattijuwa ta gwada hawa babur a bakin titi mutane na kallo. Gidansa ake kai ta. Mai shagon babura ya yarda da shi, sai ya turo wanda ake so har tsakar gida, matarsa Hajjo ta kula da gwajin, shi kuma ya zauna a zaure yana jin rahoto. Da na kawo Inna aka turo jan nan, ni ya ce in shiga in riƙe kan babur ɗin, tunda ɗa ne.

Inna a gefe ɗaya take zama, ƙafafu a haɗe. Ta dafa kujerar jan nan, ta yunƙura, ta kasa. Ta sake, ta kasa. Hajjo ta jawo turmi ta kifa, ta ce, "Yaya, taka nan." Inna ta taka ta hau, ƙafafunta na reto, ta damƙe rigata kamar za ta yage.

Na ɗaga murya na ce, "Baba, ta hau!"

Daga zaure ya ce, "Na ji ƙarar turmi. Hajjo, turminki ne?"

"Nawa ne, Malam."

"To tambayi Dalhatu, a ƙofar asibitin akwai turmi, ko da naki za su riƙa tafiya?"

Hajjo ta yi dariya har da riƙe ciki. Inna ma ta yi, ta ce, "Ku sauke ni, ni kam na hau sama da yawa." Ni ban yi dariya ba a lokacin. Kunya ce ta kama ni, don na san saura kaɗan in sayi abin da zan burge Jalo da shi, in bar Inna a gida.

Washegari Baba ya ajiye aikinsa muka tafi Kabo. Ya san wani Alhaji Bappa da ke son rabuwa da babur ɗinsa, na hannu ne, fentin ya koɗe. Irin mai ƙasa-ƙasa ɗin nan ne, kujerarsa faffaɗa, kansa ya lanƙwaso wajen mai tuƙi, in ka zauna kamar kana kan kujerar falo. Samari na ce masa na tsofaffi. Baba ya tayar da shi, ya kara kunne a jikin injin ya daɗe, ya leƙa ƙarƙashi, ya danna kujerar baya da gwiwarsa ya ga yadda take dawowa. Sai ya ce, "Wannan ba shi da kyan gani, amma ba zai wahalar da kowa ba." Da aka kai shi tsakar gidan Hajjo, Inna ta juya baya ta zauna kawai, kamar yadda take zama a bakin gado.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka yi waldar faffaɗan mataki a gefen hagu, inda ƙafafunta biyu za su sauka nesa da zafin salansa. Ya rufe gefen tayar da fallen ƙarfe don kada ta ja mata zane. Ya ƙara soso a baya. Sannan ya ɗaura buhun dawa a kujerar, ya rinjayar da nauyin gefe ɗaya, ya ce in yi sati ina yawo da shi tsakanin Getso da Gwarzo kafin in ɗauki Inna.

"Mai zama a karkace jan babur yake yi," in ji shi. "Gara ka koya da dawa. Ita dawa in ta faɗi tsince ta za a yi."

Satin nan na sha tsiya. Jalo in ya hango ni sai ya ce, "Ango, ina za ka kai amarya? Ba ta magana ne?" Sau biyu buhun ya kai ni ƙasa a cikin yashi, na tashi na kaɗe jiki na gode Allah da ba Inna ba ce.

Baba, kai ne ka ga abin da ni ɗanta ban gani ba. Kai ne ka bar rumfarka yini guda saboda tsohuwar da ba ka haɗa komai da ita ba. Mai haƙuri da masu gaggawa, ba ka taɓa yi mini faɗa ba, tambaya kawai ka yi ta yi har na gane da kaina.

Ranar da na fara kai ta, a hankali muka tafi, ina jin hannunta a kafaɗata, ba damƙa ba, ɗorawa kawai. Da na tsaya a ƙofar asibiti ta sauka da kanta, ta gyara mayafi, ta ce, "Au, har mun iso? Ni ban gama kallon gonakin mutane ba." Daga ranar zuwa yau wata goma sha huɗu, ba ta ƙara rasa ganin likita ba ko sau ɗaya, jirin nan kuma bai sake kayar da ita ba.

Mun gode, Baba Hambali, mun gode wa Hajjo. Allah ya ƙara lafiya, ya sa gonar ta karɓe ka. Ku kuma masu gyara da masu sayarwa da za ku ci gaba da wannan sana'a, don Allah in saurayi ya zo yana shafa fenti, ku ɗan zaunar da shi ku ji wa ya baro a gida. Inna ta ce in gaya maka, Baba, ranar da ka fara shuka a Unguwar Tudu za ta zo yi maka barka da kanta. Ni zan kawo ta.

Dalhatu, daga Getso